Minti Hamsin a Garin Cowell

Ƙarfe shida da 'yan mintuna na safe wayar ta shigo, Davor yana tsaye a kicin yana jiran ruwan shayi ya tafasa. Yayarsa Vesna ce daga Port Lincoln, ko gaisawa ba ta tsaya sun yi ba.

"Likita ya ce a kira duk wanda za a kira. Ka taso."

"Yau ɗin nan?"

"Yau mana. Tun jiya Baba yake cigiyarka. Sai ya buɗe ido ya ce ina ɗan birnin nan."

Sunan da mahaifinsu Stipe ya laƙaba masa ke nan tun ranar da ya sauka daga jirgin kamun kifi yana ɗan shekara goma sha tara, ya tafi Adelaide koyon zanen gine-gine. Yanzu Davor ya ba arba'in da biyar baya, har furfura ta fito masa a gefen kunne, amma a bakin tsohon bai tashi daga ɗan birni ba.

Matarsa Narelle ta fito da rigar barci a jikinta, ta ji abin da ake ciki, ta hau duba jiragen sama. Babu kujera sai jirgin shida na yamma. A mota kuwa, in ya fita ƙarfe bakwai, kafin uku ya isa. Matsalar ita ce a-kori-kurarsa ta kwana huɗu a gareji ana jiran wani ƙarfe.

"Ɗauki tawa, a cike ta kwana," in ji Narelle. "Ka tsaya a Port Augusta, ka ƙara kaɗan a Cowell, shi ke nan. Kada ka tsaya cika ta, abin da zai kai ka kawai. Ni sai na sallami 'yan ajina daga jarrabawa zan biyo ka."

Motar lantarki ce fara, shekararta biyu a gidan, kuma tun zuwanta dangin Davor suka samu abin yi. Mutane ne da suka tashi cikin warin dizal da ƙarar inji, duk abin da ke tafiya shiru ba su yarda da shi ba. Baffansu Zvonko, ƙanin mahaifinsu, ba ya kiranta da komai sai firij mai taya. Narelle takan yi dariya ta ce ai firij ɗin bai taɓa barinta a hanya ba.

Davor ya fita bakwai daidai. Har Port Augusta bai tsaya ko shan ruwa ba. Can ya jona motar, ya shiga bayi, ya sayi kofi, kafin minti ashirin da biyar ya cire igiyar ya kama hanya. Wannan tsayawar ba ta da abin zargi, kuma daga baya ya sha komawa kanta a ransa, yana nuna wa kansa cewa da farko da gaske sauri yake yi.

Ya wuce Whyalla da hayaƙin masana'antarta, hanya ta miƙe cikin jar ƙasa da gajerun itatuwa, sai Vesna ta sake kira.

"Ga shi, ya farka. Yi masa magana."

Da farko numfashi kawai ya ji, mai ƙarar ruwa a ciki. Can sai wata siririyar murya da bai sani ba ta ce, "Ka kusa?"

"Na kusa, Baba."

"To. Akwai maganar da..." Tari ya yanke shi. Vesna ta karɓi wayar ta ce zai huta, ta kashe.

Mutumin da Davor ya sani, in ya yi magana a bakin teku sai an ji shi a ƙarshen gada. Shekara uku da suka wuce, da hannun tsohon ya fara rawa har ya taɓa faɗuwa a kan jirgi, Davor ne ya matsa aka sayar da jirgin. Shi ya nemo mai saye, shi ya kawo takardun, shi ya ajiye alƙalami a gaban ubansa. Stipe ya sa hannu, ya ɗago ya dube shi ya ce, "Ka yanke mini ƙafafu, ɗan birni." Tun daga ranar hirarsu ba ta wuce ta ruwan sama da ƙwallo ba. Yanzu kuma ga wata magana tana jiransa a kan gadon asibiti, asibitin da ya tsaya yana ɗan shekara goma sha shida ya kalli mahaifiyarsu tana cikawa.

Ƙarfe ɗaya saura minti goma ya shiga Cowell, batir ya sauko zuwa kashi ashirin. Na'urar cajin tana kusa da bakin ruwa, ba kowa a wurin. Ya jona, lambobi suka fara hawa da gudu: talatin, arba'in, hamsin. Kilomita ɗari da sittin suka rage masa, kuma allon motar da kansa ya nuna cewa kashi sittin zai kai shi har da saura.

Ɗaya da minti goma lambar ta kai sittin. Ya fito daga mota, ya ɗora hannu a kan igiyar. Sai ya ce a ransa bari ta kai saba'in, akwai iska a gaba. Ya koma ya zauna.

Tana kan saba'in da biyar wata ƙaramar mota shuɗiya ta tsaya a gefensa. Wata dattijuwa ta fito da hular rana da ɗan kare a hammata, ta leƙa allon na'urar, sannan ta leƙo shi ta taga.

"Sannu, ɗana. Ina aka nufa?"

"Lincoln."

"Lincoln? Ai abin da ka sha ya kai ka ya dawo da kai rabin hanya. Ni duk sati nake zuwa can ganin jikokina, da hamsin da biyar nake tashi daga nan."

"Iska ce a gaba, Mama. Ba na son ta tsaya mini."

Dattijuwar ta dubi tutar da ke rataye a gaban ofishin gari, ko motsi ba ta yi. Ta sake dubansa.

"To, ni dai ba sauri nake ba. Bari in je in sha shayi. Amma ka sani, daga tamanin ɗigo-ɗigo take sha, sai ka tsufa a nan."

Ya sani. Narelle ta faɗa masa ya fi sau goma. Ya zauna yana kallon tamanin da ɗaya, tamanin da biyu, kowace lamba sai ta yi kamar ba za ta sauya ba. A gabansa tsuntsayen teku suna faɗa a kan ragowar dankalin da wani ya zubar. Hannayensa suna kan cinyarsa, kuma bai taɓa jin nauyinsu haka ba. Ba wai ya yanke shawarar ƙin tafiya ba ne. Duk minti ɗaya yana gaya wa kansa yanzu zai tashi, sai ya ga ya bar wa lamba ta gaba.

Saƙon Vesna ya shigo: Ina kake?

Ya rubuta: Cowell. Cajin yana ja a hankali.

Ya dubi abin da ya rubuta, ya ga babu kalmar ƙarya ko ɗaya a ciki, ya aika.

Ƙarfe biyu na'urar ta yi ƙara ta tsaya da kanta, batir ya cika kashi ɗari, babu sauran abin jira. Sai a lokacin wani tsoro daban ya kama shi. Ya cire igiyar, bai ko ɗaga wa dattijuwar hannu ba, ya hau titi da gudun da bai taɓa yi ba. Ya wuce Arno Bay, ya wuce Port Neill da dogayen rumbunan alkama, yana magana shi kaɗai, yana cewa jira ni, Baba, ga ni nan. A mararrabar Tumby Bay wayarsa ta yi ƙara, ya ga sunan Vesna, bai ɗauka ba.

Huɗu saura minti ashirin ya shiga asibitin. Vesna tana zaune a kan benci a baranda, takalmanta a ajiye a gefe, ƙafafunta sun kumbura.

"Uku da kwata," ta ce. "Minti ashirin da biyar ke nan."

Ya shiga ɗakin. An gyara wa tsohon kwanciya, an taje masa gashi gefe guda, yadda bai taɓa tajewa ba. Davor ya riƙe hannunsa, akwai sauran ɗumi. Ya tsaya nan har ma'aikaciyar jinya ta leƙo sau biyu. Da ya fito, Vesna ta tashi ta rungume shi.

"Kada ka ɗora wa kanka. Ka yi iya ƙoƙarinka. Motar nan ce."

Bai gyara mata ba. Kafin yamma maganar ta zaga dangi: Davor ya taso tun safe, motar matarsa ta riƙe shi a Cowell sama da awa ɗaya.

Ranar Juma'a aka yi jana'iza. Bayan coci da maƙabarta, jama'a suka taru a zauren da tsofaffin masunta suka gina da hannunsu, aka kawo gasasshen rago da naɗin kabeji da nama. Narelle, wadda ta iso da jirgin yamma tun daren rasuwar, tana cikin mata tana raba faranti. Baffa Zvonko ya sha kofi uku na barasar gida, idanunsa sun yi ja da kuka. Da ta zo ajiye masa abinci sai ya riƙe bakin farantin.

"'Yata, tambaya ɗaya zan yi miki. Firij ɗin nan naki, nawa ya rage miki na kuɗin mai a ranar?"



"Baffa, ci abincinka," in ji Vesna.

"A'a, bari in ji. Ɗan'uwana ya mutu idonsa a kan ƙofa. Tsohuwar motata mai shekara ashirin da shida, da ita yaron nan ya hau da ya same shi da rai. Amma a'a, mu jahilai ne, muna ɓata iska. To ga iskar nan, mun sha."

Wasu suka sunkuyar da kai, wasu suka gyaɗa. Narelle ta juyo ta dubi mijinta, yana zaune kujera uku daga wurin. Davor ya ji kallon a gefen fuskarsa, ya ci gaba da yanka naman da ba ci zai yi ba.

"Ka yi haƙuri, Baffa," in ji Narelle a hankali. "Allah ya jiƙansa." Ta ɗauki tire ta koma kicin.

Kwana biyun da suka biyo baya Davor ya yi ta hidima kamar wanda aka ɗauka aiki. Ya gyara famfon gidan Vesna, ya yanke ciyawa, ya kai kujerun aro. Duk wanda ya dafa kafaɗarsa ya ce sannu da ƙoƙari, sai ya zame ya nemi wani aikin. Narelle ba ta yi masa fushi ba, ba ta kuma yi masa hira ba.

Ranar Litinin da hantsi suka kama hanyar gida, ita ke tuƙi. A Cowell ta tsaya a gaban na'urar nan, ta jona, ta tsaya a waje ta harɗe hannuwa tana kallon ruwa. Bayan kwata ɗaya ta cire igiyar ta shigo.

"Wannan zai kai mu Port Augusta," ta ce, ta kai hannu za ta tayar.

"Narelle, tsaya. Ranar nan ba motar ba ce."

Ta janye hannunta.

"Tun ɗaya da minti goma ta sha abin da zai kai ni. Ni ne na zauna. Na zauna a nan minti hamsin ina kallon lamba, don ba na son in shiga ɗakin nan."

"Na sani."

Ya juyo gaba ɗaya.

"Motata ce, Davor. Duk inda aka jona ta wayata tana faɗa mini. Ina cikin aji yara suna rubutu na ga sittin, na ce yanzu ya tashi. Na ga saba'in, na ga tamanin. Sau biyu na ɗauki waya zan kira ka, na ajiye, na ce wataƙila ciki ne ya ɓaci masa, wataƙila ya ɗan kwanta don kada barci ya kwashe shi a hanya. Da na ga ɗari na daina nema maka dalili."

"Me ya sa ba ki faɗa ba? A zauren nan, da Baffa yake..."

"In faɗa wa wa? In tsaya a kan kabarin ubanka in tona maka asiri? Maganar Baffa ba ta dame ni ba, tsoho ne ya rasa ɗan'uwansa. Kai na duba. Ko gaskiyar ba ka faɗa ba, da ka ce Baffa bar matata, da ya ishe ni. Shekara goma sha takwas ina cikin danginku, har yau ni ce baƙuwar da ba ta iya naɗa kabeji ba, yanzu kuma ni ce wadda ta hana ɗa ganin ubansa. Kai kuwa kana yanka nama."

Ya ciro wayarsa ya ce bari ya kira Vesna.

"Ba a waya ba," in ji Narelle. Ta tayar da mota, ta juya kanta kudu, hanyar da suka fito.

Sun sami Vesna a gidan tsohon, tana zaune a ƙasa tana ninke rigunansa cikin kwali. Narelle ta ce a mota za ta jira. Davor ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin ya faɗi komai, bai rage ba, har da dattijuwar mai kare da saƙon da ya aika. Vesna ba ta daina ninkewa ba sai da ya gama.

"Sau uku na ce masa ka iso Tumby Bay," ta ce. "Sau uku. Ina yi masa ƙarya ina cewa a raina ai ƙanina yana can yana fama da na'ura. Ya ce a ɗaga masa gado don ya riƙa ganin ƙofa."

"Yaya, na kasa ne. Na tuna Mama, na tuna jirgin..."

"Ni ban tuna Mama ba? Ni ba a ɗakin nake ba lokacin? Wata bakwai ina wanke shi, ina ba shi abinci a baki, yana zagina in na ƙi ba shi taba. Kai rana ɗaya aka nema a wurinka, rabin rana ma."

Ya durƙusa a gefen kwalin. Da ƙyar ya iya tambayar abin da ya fi cin ransa.

"Ya ce akwai maganar da zai yi mini. Ya faɗa miki?"

"Bai faɗa ba. Na tambaye shi, ya ce ta ɗan birni ce." Ta ɗora riga ta ƙarshe ta rufe kwalin. "Ban sani ba ko yafe maka zai yi, ko ƙara maka zai yi. Ba kuma zan ƙirƙiro maka wani abu don ka samu barci ba."

Ta miƙe ta fita ba takalmi, ta tsallaka tsakuwar ƙofar gida, ta buɗe motar ta zauna kusa da Narelle. Ta taga Davor ya ga ta riƙe hannun matarsa, sun daɗe suna magana. Da ta dawo, ce masa kawai ta yi su kama hanya kada rana ta yi musu.

Kafin su bar gari ya sa Narelle ta tsaya a gidan Baffa Zvonko. Ya same shi a bayan gida yana gyaran komar da ba mai amfani da ita. Ya maimaita masa labarin. Tsohon ya saurara har ƙarshe, sannan ya yi murmushi ya dafa kansa.

"Kai ɗan kirki ne. Haka ake so namiji ya rufa wa matarsa asiri. Ubanka ma da haka zai yi."

"Baffa, ba rufa asiri ba ne. Ga shi a wayarta, zan nuna maka."

"Ni ba na karanta waɗannan abubuwan. Je ka, Allah ya kiyaye hanya. Ku dai sayar da firij ɗin nan."

Ba su sayar ba. Vesna ta yi wata biyar ba ta ɗauki wayarsa ba, ko da yake duk Lahadi tana kiran Narelle su yi hira, abin da ba su taɓa yi ba a da. Ita da kanta ta bi matan dangi ɗaya bayan ɗaya ta gyara maganar, ba ta ƙawata ba, ba ta kuma sassauta masa ba. Wasu suka daina yi masa fara'a, kuma ya ga hakan ya fi masa sauƙi a kan dafa kafaɗa. Baffa Zvonko kaɗai ya ƙi karɓa, duk sanda Davor ya sake gwadawa sai ya ƙara yabonsa.

A watan Disamba saƙo ya shigo daga Vesna, ba gaisuwa a ciki. Ta ce an gama sassaƙa dutsen kabarin, za a kafa shi ranar Asabar ƙarfe goma, kuma tana bukatar wanda zai kama mata gefe ɗaya. Davor ya nemi hutun Juma'a a wurin aiki, suka tafi tun ana gobe. Da safen suka kafa dutsen, shi da ita da mai sassaƙar, siminti ya ɓata masa wandon coci. Da aka gama Vesna ta miƙa masa tsumma ya goge hannu, ta ce dutsen ya ɗan karkata ta gefensa. Ya duba, ya ga gaskiyarta, suka sake ɗagawa.